Imel ɗin Alhaji Ya Fita Ba Rawani

Idan Allah ya so gari da rahama, sai ya ba shi ruwan sama, ya ba shi kasuwa, ya kuma ba shi mutum irin Alhaji Muktar Jibo. Gusau ta sami duka ukun. Ruwan saman yakan yi jinkiri, kasuwar takan mutu ta farfaɗo, amma Alhaji bai taɓa ɗaukewa ba. Mutum ne da ba ya shiga taro sai taron ya san ya shigo, in kuwa taron bai lura ba, yakan fita ya sake shigowa. Mahassada suna cewa buhunan wofi yake sayarwa a bakin kasuwa. Wannan ƙarya ce irin tasu. Alhaji Manajan Darakta ne na kamfanin samar da mazubin amfanin gona, kuma in ka ga buhu ba komai a ciki, ai ba laifinsa ba ne, manomi ne bai zuba ba.

Duk da haka, ainihin darajar Alhaji ba a kasuwa take ba. Tana ƙasan imel ɗinsa. Wasu mutane, marasa kishin kansu, in sun gama rubuta saƙo sai su sa suna su yi shiru. Alhaji kuwa daga nan yake farawa. Saƙon kansa bai cika wuce "na gode" ko "na gani" ba, amma sa hannun da ke biye da shi, wanda kwamfuta ke liƙa masa da kanta a ƙarshen kowane saƙo, sai ka gyara zama. Akwai Dakta, daga wata jami'a da har yau ba a sami wanda ya ga ƙofarta ba. Akwai Ambasadan Zaman Lafiya. Akwai Sardauna, da Jarma, da Garkuwa, da wasu sarautun da ƙungiyoyin matasa da kulob-kulob na ƙwallo suka naɗa masa a ƙauyukan Tsafe da Bungudu, kowacce a shekarar da ya saya musu riguna. Can ƙasa kuma ga hotonsa da waya a kunne, yana sauraron wani muhimmin mutum da ba ya kan layi. Masu karɓar saƙonsa suka sa masa Alhaji Sai-ka-gangara, domin ba ka ganin ƙarshensa sai yatsanka ya gaji. Da sunan ya iso kunnensa, ya yi murmushi, ya ce ai dama dutse ne ake gangarowa daga kansa.

Abu ɗaya ne ya rage masa a duniya. Duk sarautun nan na cikin gida ne. Ban da aikin Hajji, ƙafar Alhaji ba ta taɓa tsallaka iyaka ba, kuma wannan yana ci masa tuwo a ƙwarya fiye da yadda yake nunawa. Sai ga wata ƙungiyar tallafa wa manoma mai ofis a Abuja ta sanar cewa tana neman dattijo ɗaya da zai wakilci manoman Gusau da Tsafe da Bungudu a kwamitinta, kuma za a kai shi babban taro a ƙasar waje. Mai so ya aika da imel kafin Juma'ar ƙarshen wata. Alhaji bai jira ya aika ba ya sanar da majalisarsa cewa tafiya ta kama shi. Ya ba tela shadda. Ya fara yi wa mutane sallama, har yana tambayar wasu tsarabar da suke so. Wa zai ja da shi? Mutum ɗaya ne a yankin ke ƙoƙarin tara rawuna kamarsa, wato Alhaji Sahabi mai taki na Bungudu, shi kuwa ko adireshin imel ba shi da shi.

Ana cikin haka, wata safiya ya buɗe kwamfutarsa a ofis, watau ɗakin da ke bayan tulin buhuna, sai wani ɗan akwati ya bayyana a allo yana tambaya ko yana so a ɗaga manhajarsa zuwa sabon matsayi. Alhaji bai taɓa ƙin tayin ɗaukaka ba a rayuwarsa, kuma ba a kan na'ura zai fara ba. Ya danna. Kwamfuta ta yi 'yan juye-juyenta, ta mutu, ta farfaɗo da sabuwar fuska. Ya rubuta wa wani dillali "na gani", ya aika, ya gangara don ya gaisa da kansa kamar yadda ya saba. Babu inda za a gangara. Saƙon ya fita tsirara, ba Dakta, ba Jarma, ba hoto.

Ba za a ɓoye ba, Alhaji ya tsorata. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya girgiza ta, ya tofa mata addu'a. Daga nan ya yanke hukuncin da kowane babban mutum zai yanke: maƙiya ne. Ya naɗe ta a darduma, ya nufi wurin Anas mai gyaran waya a cikin kasuwa.

Anas bai ɗago kai sosai ba. Ya ce abin yana faruwa, sabuwar manhaja takan zubar da tsohon sa hannu, kuma maganin mai sauƙi ne: a buɗe akwatin saƙonnin da aka riga aka aika, a kwafo daga kowane tsohon saƙo, a mayar. Aka buɗe akwatin. Fayau, kamar an share da tsintsiya. A nan ne hikimar Alhaji ta bayyana. Shekara da shekaru, duk saƙon da ya aika, nan take yake goge shi, ya bi shi har kwandon shara ya sake gogewa, don kada mahassada su kutsa su kwashe masa sarautu.

"Babban mutum ba ya barin sawu," in ji shi, yana duban 'yan kallo. "Ku da ke ajiye saƙo, don ba ku da abin sata ne."

Anas ya ce to sai dai ya nemi waɗanda ya taɓa aika wa su turo masa ɗaya, ya koma kan wayar da ke gabansa.

Wannan ai ba matsala ba ce. Mutumin da ya aika wa ɗaruruwan jama'a saƙo, a ce ba wanda ya adana don albarka? Ya zauna ya shiga kira. Na farko ya ce wayarsa ta cika ya goge. Na biyu ya ce yana gani dai suna shigowa, bai taɓa buɗewa ba, don ya san alheri ne. Wani ma'aikacin banki ya ce tasa na'urar da kanta take kai saƙon Alhaji wurin da take tara na 'yan damfara, bayan wata guda ta zubar. Alhaji ya fahimci abin yadda ya dace, wato har na'ura ta san saƙonsa ba na haɗawa da na talakawa ba ne, shi ya sa ta ware masa ɗaki.

Matarsa Hajiya Lantana, malamar makaranta ce mai ƙarancin magana, ta ba shi shawara ya zauna ya rubuto sarautun daga kansa. A nan gizo ya yi saƙa. Dakta da Ambasada suna rataye a bango cikin gilashi, ba wuya. Amma na ƙauyuka, da rawani da lasifika aka ba shi su a filin ƙwallo, masu shagon intanet daban-daban suka riƙa ƙara masa su layi bayan layi, shi kuma bai taɓa karanta su ba. Yawansu yake kallo. Jarman ina ne? Sardaunan su wa? Ya san dai akwai Garkuwa, amma garkuwar wa, Allah masani. Hajiya ta ce ya aika da abin da ya tuna mana, tunda Juma'a na matsowa. Ya dube ta da tausayi irin wanda ake yi wa wanda bai san duniya ba.

"Hajiya, kin taɓa ganin sarki ya hita da rabin rawani? Waɗanda sunka naɗa ni suna nan da ransu. Za ni in karɓo abina daga bakinsu."

Hanyar Tsafe hanya ce da mutane ke bi da addu'a a baki, ba kuma a binta sai da dalili mai ƙarfi. Alhaji yana da dalili mai ƙarfi. Ya sa babbar riga ya shiga mota. A wani ƙauye kusa da Kucheri ya tarar da matasan da suka taɓa naɗa shi, sai dai yanzu ba matasa ba ne, kowa da iyalinsa da damuwarsa. Suka shimfiɗa masa tabarma, suka kawo fura. Ya yi musu jawabi a kan muhimmancin tarihi, da yadda al'ummar da ta manta manyanta take taɓewa, sannan ya ce yana so ya gwada su: wace sarauta suka ba shi?

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce kamar Jarma. Wani ya ce a'a, Jarma ai na mai gidan man nan ne da ya ba da raga. Wani ya rantse Zanna ne, aka tuna masa ba a taɓa yin Zanna a garin ba. Gardama ta kaure, har aka koma kan wanda ya ci ƙwallo a wasan ranar. Daga ƙarshe tsohon kyaftin ɗinsu ya kashe wutar cikin ladabi, ya ce ranka shi daɗe, wacce kake so? Alhaji ya ga wannan shi ne ƙololuwar girmamawa, a ce gari guda ya buɗe maka taskar sarauta ka zaɓa. Ya zaɓi biyu. Kafin ya tashi suka shaida masa cewa rigunan nan sun daɗe da yagewa.

Washegari ya nufi Bungudu, ya wuce wajen Rawayya, inda wata ƙungiyar manoma take da ɗan ofis mai ɗaki ɗaya. Shugabanta, Malam Haliru, yana hango motar ya miƙe zumbur, ya ja da baya, ya manna bayansa da bango. A bangon nan akwai kalandar bana ta ƙungiya, ɗauke da hoton Alhaji Sahabi mai taki cikin sabon rawani, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: Garkuwan Manoman Rawayya. Sarautar ƙungiya ai kamar inuwa ce, tana bin inda rana ta juya, kuma bana Sahabi ne ya ba da taki. Malam Haliru mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya rufe kalandar ruf.

Alhaji ya miƙa hannu, Haliru ya miƙo nasa daga inda yake, bai matso ba. Aka ce ya zauna, ya ce ina, shi wa da zai zauna a gaban manya. Alhaji ya ji daɗin wannan har cikin ransa. A zamanin da yara ke gaishe ka hannu a aljihu, ga dattijo ya ƙame a bango saboda kwarjini. Ya tambaye shi sarautar da suka ba shi. Haliru bai iya ƙarya ba, bai kuma iya faɗin gaskiya duka ba, sai ya faɗi rabin da ba ya ciwo.

"Garkuwan Manoman Rawayya munka ba ka, Alhaji. Waccan shekarar."

Alhaji bai ji "waccan shekarar" ba, domin kunnensa yana da tacewa irin ta rariya, abin da ya yi masa daɗi kawai ke wucewa. Ya yi wa Haliru alkawarin zai ambaci sunansa a ƙasar waje. Har motar ta ɓace Haliru bai bar bango ba.

Haka aka yi ta yi, ƙauye bayan ƙauye. Inda aka tuna, ya karɓa. Inda aka manta, ya taimaka musu. Ranar Alhamis ya dawo gida da sarautu fiye da waɗanda suka ɓata, wanda ya nuna cewa ko asara in ta sami mai rabo riba take zama. Ya zauna a falo, Hajiya Lantana ta ɗora kwamfuta a cinya, yana faɗa tana bugawa. Aka sa Garkuwan Manoman Rawayya a sama, da manyan baƙaƙe masu kauri, tunda harkar manoma ce. Aka jera saura a ƙasa. Aka nemi mayar da hoto, sai dai sabuwar manhajar ta ƙi karɓarsa, aka haƙura. Da ta gama, ta duba daga sama har ƙasa, ta ce saura suna.

Alhaji ya gyara zama. A ƙauyukan nan da ya zaga, ba wanda ya kira shi Muktar, kuma abin ya zauna masa.

"Suna? Hajiya, wa kika taɓa ji ya kira basarake da sunan yanka? Suna na ɗan makaranta na, da mai neman aiki, da wanda anka kama. Ni sarauta ta ishe ni. Cire shi. Wanda bai san mai wagga sarauta ba, bai cancanci shi san shi ba."

Ta tuna masa cewa adireshin imel ɗin ma ba sunansa a ciki, "maigirma" ne da lambobi. Ya ce to ai kin ji, magana ta ƙare. Shekarun aure sun koya wa Hajiya cewa ba a tare kogi da faifai. Ta danna, saƙo ya tafi, da jimla ɗaya a sama da tsauni a ƙasa.

Bayan 'yan kwanaki amsa ta zo daga Abuja. Wata ma'aikaciya ce ta rubuto cikin ladabi, ta ce sun ga saƙo, sun kuma yi sha'awar irin kusancinsa da manoman karkara, amma ba su ga suna ba, ko zai taimaka ya turo cikakken sunansa da lambar waya? Alhaji ya karanta sau biyu, ransa ya ɓaci. Ya kai maganar majalisa da yamma, ya ɗaga wayarsa kowa ya gani.

"Ku ji yaran zamani. Wai in hwaɗi sunana. Ni! Rana tana gabatar da kanta? In ba su sani ba, su tambaya. Duk wanda sunka tara a hanya zai gaya musu."

'Yan majalisa suka ce wannan gaskiya ne, domin shi ke sayen shayi. Alhaji bai mayar wa Abuja amsa ba. Ya karɓo ɗinkinsa daga tela, ya sayi akwati mai taya, ya riƙa jan sa daga falo zuwa ƙofar gida don hannu ya saba.

Mutanen Abuja kuwa masu biyayya ne. Da suka ji shiru, sai suka yi abin da Alhaji ya ce, ko da yake ba su ji shi ba: suka tambaya. Suna da jami'in da ke zagaya gonaki a Bungudu, suka ce ya binciko musu wane ne Garkuwan Manoman Rawayya. Jami'in bai sha wahala ba. Ya shiga ofishin ƙungiya, wannan karon ba kowa a jikin bango, ya ɗauki hoton kalanda ya tura, har da lambar wayar da ke ƙasanta.

Ranar da labari ya iso, Alhaji yana ofis, ya ɗora ƙafa kan buhuna, yana koya wa bakinsa yadda ake gaisawa da Turawa. Waya ta yi ƙara. Ya ga sunan Sahabi, ya yi dariya, ya bar ta ta yi ƙara har ta kusa tsinkewa, don mai neman tsaraba ya san matsayinsa. Sannan ya ɗauka da muryar wanda ke tsakiyar taro.

Sahabi ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da kasuwa. Daga nan ya ce wani abin mamaki ya same shi. Wasu mutane sun kira shi daga Abuja, wai sun zaɓe shi wakilin manoma, wai har jirgi za su sa shi. Shi dai bai nemi komai ba, bai ma san ana nema ba, amma rabo ai ba ya ɓatan hanya. Alhaji ya sauke ƙafarsa daga kan buhuna. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sahabi kuwa ya ci gaba da fara'arsa.

"To ga inda matsala take, Alhaji. Sun ce in amsa musu ta imel, ni kuwa ka san ban da shi. Nac ce ai muna da gwani a Gusau. Don Allah ka amsa musu a madadina, ka ce na karɓa. Kuma sun ce wani dogon jeri da sunka gani a ƙasan takarda shi ya burge su. Ka sa musu shi yadda yake, kada ka rage komai. Sunana kawai za ka ƙara a sama."